Mole ko Kintampo? A Duba Wata Kafin a Ɗauki Mota

 

A 'yan watannin nan wasiƙu sun yi ta zuwa mana a kan magana guda, galibinsu daga ƙungiyoyin samarin zango, da malaman makarantun Islamiyya, da kuma iyayenmu mata masu adashi. Maganar kuwa ita ce, an shekara ana tara kuɗi, kowa ya sa gwargwadon ƙarfinsa, ana so a ɗauki mota a fita yawon buɗe ido bayan Sallah, amma an rasa inda za a dosa. Wasu sun ce sai gandun daji na Mole a ga giwaye. Wasu sun ce a'a, a tafi magangarar ruwa, ko Kintampo ko Boti ko Wli, a yi wanka, a ci abinci, a dawo gida. Wata ƙungiya ma ta rubuto mana cewa sau uku taronta yana watsewa a kan wannan gardama, har ma'ajinsu ya ce idan ba a daidaita ba zai mayar wa kowa kuɗinsa ya huta.

Abin da na lura da shi a cikin wasiƙun nan duka shi ne, kowa tambayarsa ɗaya ce, wanne ya fi kyau. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya faɗi watan da za su yi tafiyar ba. Alhali kuwa watan shi ne alƙalin wannan shari'a, domin gandun daji da magangarar ruwa kishiyoyi ne wajen yanayi. Lokacin da ɗaya ke cikin ganiyarsa, lokacin ne ɗayan ke kwance.

Bari mu fara da Mole. Wannan gandu yana ƙasar Gwanja, kusa da Damongo, a Jihar Savannah da aka ƙirƙiro a 2019, kuma shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan ta Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe wurin don namun daji tun 1958, sa'an nan a 1971 aka mai da shi cikakken gandun ƙasa. To, a arewa damina ɗaya ake yi, daga wajejen Mayu zuwa Oktoba. Muddin ana ruwa, ko'ina akwai kududdufi, ciyawa ta fi tsawon mutum, kowace dabba tana samun ci da sha a inda take, saboda haka ba ta da dalilin fitowa inda za ka gan ta. Giwa da girmanta sai ta ɓace cikin wannan duhuwa kamar allura cikin ruwa. Amma da zarar ruwa ya ɗauke, kogunan Mole da Lovi suka daina gudu, suka bar 'yan gurabun ruwa nan da can, ciyawa ta bushe ta kwanta, to ƙishirwa ce za ta yi maka aikin da kuɗinka ba zai iya ba. Ita za ta koro giwa da mariya da gwambaza da mazo zuwa mashaya. Masaukin gandun kuwa a kan tudu yake, yana kallon tafkunan da ke ƙasa, har mutum kan zauna da kofin shayinsa a hannu yana kallon giwaye suna wanka. Daga Disamba zuwa Afrilu ke nan. Maris da Afrilu sun fi tabbas wajen ganin giwa, sai dai zafin lokacin ba na wasa ba ne, yakan kai awo 40 a ma'aunin zafi.

Magangarar ruwa kuma akasin haka take. Ita abincinta ruwan sama. Boti, wadda ke kusa da Koforidua, ita ce babbar shaida. Ruwanta biyu ne jere da juna, mutanen wurin suna kiran ɗaya namiji ɗaya mace, suna faɗowa daga tsawon mita 30 ko kusa da haka. Wanda ya je a Yuni ko Yuli zai ji rugugin ruwan tun kafin ya gan shi, feshi ya jiƙa shi tun yana kan matakala. Wanda ya je a Fabrairu kuwa zai sauka matakala 250, ya tarar da baƙin dutse da ɗan zirin ruwa kamar na famfon da aka manta ba a ɗaure ba, wani lokaci ma babu ko wannan, sa'an nan ya sake hawo matakala 250 ɗin nan yana haki. Ruwan Kintampo da na Wli ba sa ƙafewa ɗungum, amma su ma da rani ramewa suke yi.

Yanzu ga inda jama'armu ke faɗawa rami. Mu da Sallah muke ƙidayar fitarmu, ita kuwa Sallah ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11. A 2015 ƙaramar Sallah ta zo a tsakiyar Yuli, babbar Sallah a ƙarshen Satumba, wato dukansu cikin damina. Duk ƙungiyar da ta je magangarar ruwa a wannan shekara ta dawo da labari mai daɗi, wadda ta je Mole kuwa ta dawo tana cewa ƙarya ce, babu giwa. A 2025 kuma ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, babbar Sallah a farkon Yuni. Abin ya juye ke nan. Shi ya sa idan wani dattijo ya miƙe a taro ya ce, "Ai mu da muka je Boti bayan Sallah ba mu taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba," gaskiya ya faɗa, amma a tambaye shi cikin ladabi, "Baba, a wace shekara ce?" Sallarsa da taku suna ɗaya ne kurum, yanayinsu ya sha bamban.

Saboda haka amsata ta farko ga masu wasiƙu ita ce, idan fitarku ta faɗo tsakanin Disamba da Afrilu, ku nufi gandu. Idan ta faɗo tsakanin Yuni da Nuwamba, ku nufi ruwa. Ni a ganina ma Oktoba da Nuwamba sun fi tsakiyar damina daɗi a bakin ruwa, domin ruwan yana nan da ƙarfinsa, amma ya soma washewa daga jan laka, hanya kuma ta rage santsi.

Abu na biyu shi ne kwana. Magangarar ruwa abin yini ce. Ka iso, ka biya kuɗin shiga, ka sauka, kuma ruwan yana nan yana jiranka, ba ya ɓuya, ba ya jin tsoron hayaniya. Awa biyu ko uku sun isa, ko da za a ci abinci a yi salla. Gandun daji kuwa ba a yi masa haka. Namun daji da sassafe suke fitowa, sai kuma da yamma idan rana ta yi sanyi, shi ya sa ma'aikatan Mole suke fita da baƙi wajen ƙarfe 7 na safe da kuma wajen 3 da rabi na yamma. Daga Kumasi zuwa Mole kusan kilomita 400 ne, awa 7 ko 8 a babbar mota. Ƙungiyar da ta tashi da asuba da niyyar zuwa ta dawo a rana ɗaya za ta isa ne da tsakar rana, lokacin da kowace dabba mai hankali ta shige inuwa. Abin da za su gani shi ne gogon biri yana zaga motarsu yana neman burodi, da mugun dawa yana kiwo a durƙushe a bayan gidajen ma'aikata. Su juyo cikin dare, direba ya gaji, yara suna kuka, kuɗin shekara guda ya tafi a kan mai. Wannan ita ce asarar da na fi jin tsoro a madadinku. Wanda ba zai iya kwana ba, don Allah ya bar Mole zuwa wata shekara. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, kwana biyu shi ne daidai, domin idan ba a dace da safiyar farko ba, a dace da ta biyu.

Ita hanyar dai yanzu alhamdu lillahi. Waɗanda suka san ta a da suna tuna jar ƙura da gargada daga mararrabar Fufulso zuwa Damongo, da bas guda da ke tasowa daga Tamale ya iso da dare, ya kuma juya tun kafin asuba. An gama shimfiɗa kwalta daga Fufulso har Sawla a 2015, kuma daga Tamale zuwa ƙofar gandun, wajen kilomita 150, yanzu tafiyar awa 3 ce ko ƙasa da haka. Mutanen Tamale da Wa su suna iya sammako su riski fitar safe. Na Kumasi da na Ankara, babban birni, ba su da wannan gata.

Abu na uku, su wane ne a cikin motar? A nan akwai abin da mutane ke ɗauka a baibai. Ana zaton ruwa shi ne mai sauƙi, a kai tsofaffi can, daji kuma na samari ne. A gaskiya kusan kowace magangara a cikin kwari take, sai an sauka sa'an nan a hawo. A Kintampo kogin Pumpum yana gangarowa ne hawa uku, na ukun shi ne babba, tsawonsa wajen mita 25, kuma kafin a kai gindinsa sai an taka matakala fiye da 150. Na Boti kun riga kun ji. A Wli, can kusa da Hohoe a bakin iyakar Togo, wadda ita ce mafi tsawo a ƙasar nan, hanyar zuwa ruwan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, amma tafiyar minti 45 ce a ƙafa, ana ta tsallaka rafi a kan ƙananan gadoji. Ladan tafiyar shi ne ruwan da kuma dubban jemagu da ke rataye a jikin dutsen. Hawa zuwa ruwan sama kuwa aikin awoyi ne, sai mai ƙarfin gwiwa da ɗan rakiya. To, Hajiya mai ciwon gwiwa ko Alhaji mai hawan jini, ina za su da wannan? Sai a bar su a ƙarƙashin rumfa suna gadin kuloli, alhali su ne suka fi kowa sa kuɗi. A Mole kuwa tsoho yana iya zama a bakin tudu ya ga abin da ya zo gani ba tare da ya taka ko'ina ba, ko kuma ya shiga motar gandu a zaga da shi.

Yara ƙanana su ne ba su dace da daji ba. Zagayen ƙafa a Mole wajen awa 2 ne, a bayan ma'aikaci mai bindiga, ba surutu, ba gudu, ba a yarda da silifa ba sai takalmi ƙafa-ciki. Yaro ɗan shekara biyar ba zai iya wannan shiru ba, kuma ba laifinsa ba ne. Haka nan taron mutum 60 ba ya shiga daji a dunƙule, dole a rarraba shi ƙungiya-ƙungiya, kowace da nata ɗan rakiya, kowace kuma da nata rabo. Waɗannan su ga giwa, waɗancan su ga kashinta kawai, a dawo mota ana jin haushin juna. Amma ɗaliban da suka kai shekara goma sha, waɗanda aka koya musu sunayen dabbobi a aji ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, babu kyautar da ta fi a kai su su tsaya su ga toron giwa yana karya reshe da haurensa. Yawancin yaranmu na zango sun san karin maganar giwa da ɓauna da kura a bakin kakanninsu, amma ba su san kamanninsu ba sai a talabijin.

A nan bari in ja kunne a kan abin da za a sa rai da shi, don kada a yi wa yara alkawarin da ba za a cika ba. A Mole babu raƙumin dawa, babu jakin dawa. Zaki kuwa kada ma a ambace shi. Damisa da kura suna nan, amma masu yawon dare ne, ganinsu sai an yi babbar sa'a. Ɓauna da gwanki da kanki sukan yi nisa da masauki, sai mai mota da haƙuri. Abin da ake samu kusan kullum da rani shi ne giwa, mariya, gwambaza, mazo, mugun dawa, birai iri-iri, kada a tafki, da tsuntsaye fiye da iri 300 ga mai sha'awarsu.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, domin farashi yana canzawa kafin tawadar jarida ta bushe. Abin da ba ya canzawa shi ne tsarin. A bakin ruwa kuɗin mota ne da kuɗin shiga, abinci kuwa ku taho da waken ku da soyayyen kifinku daga gida. A gandu akwai kuɗin shiga, da na ɗan rakiya wanda ake lissafawa da awa, da na motar zagaye idan ana so, da na ɗaki, da abincin kwana biyu. 'Yan ƙasa suna biyan ƙasa da baƙi, ɗalibai kuma ƙasa da manya, saboda haka a riƙe katin shaida. Wanda ɗakin cikin gandu ya yi masa tsada yana iya kwana a Larabanga ko Damongo ya yi sammako. A aika a kama ɗaki tun da wuri, musamman a ƙarshen Disamba.

Sai maganar da ba na son yi amma tilas ce. Mutane suna tsoron daji saboda giwa, suna sakin jiki a bakin ruwa saboda wasa ne. A ranar Lahadi 19 ga Maris 2017, hadari ya taso da iska a Kintampo, wata babbar itaciya ta faɗo daga saman dutse a kan masu wanka a gindin ruwan, mutum aƙalla 18 suka rasu, yawancinsu ɗaliban wata makarantar sakandare ta Wenchi da suka zo yawon buɗe ido kamar yadda ku ma kuke shirin yi. Allah Ya ba iyayensu haƙuri. An rufe wurin, aka yi gyare-gyare, aka sake buɗe shi a ƙarshen wannan shekara, daga baya a 2019 aka ƙara masa gada mai lilo. Ku lura da watan, Maris ne, lokacin guguwar farkon ruwa, ba ma tsakiyar damina ba. Don haka duk malamin da ya ɗauki 'ya'yan mutane zuwa bakin ruwa, idonsa ɗaya ya kasance a sama. Da ganin gari ya haɗe ko iska ta canza, a fito da kowa, a hau tudu, a nisanci manyan itatuwa, ko da yanzu aka shiga, ko da yara za su yi fushi. A ƙidaya su kafin a sauka, a ƙidaya su bayan an hawo, a ba kowane babba yaransa da zai riƙe da suna. Dutsen da ruwa ke bi yana da gansakuka, santsinsa ya fi na sabulu. A cikin gandu kuwa doka ɗaya ce, abin da mai bindiga ya ce shi ke nan. Ya ce a tsaya, a tsaya. Ya ce a ja da baya, ba a tsaya ɗaukar hoto ba, balle idan giwa tana tare da ɗanta. Kada a ba biri abinci, kada a bar ƙofar ɗaki a buɗe, kada kowa ya kusanci bakin tafki.

Iyayenmu mata sun yi tambaya a kan cunkoso da wanka cikin maza. Amsar ita ce a guji ranakun hutu da Asabar da Lahadi, lokacin da ake cika wuraren nan da kiɗa. Ranar Talata ko Laraba da hantsi sai ku tarar kusan ku kaɗai ne.

Wani zai ce, to Kakum fa, ai shi ma gandun ƙasa ne? Haka ne, amma wajen shiri ku lissafa shi a layin ruwa. Kurmi ne mai duhu kusa da Cape Coast, dabbobinsa ba sa ganuwa, abin da ake zuwa dominsa shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995, wadda ke rataye tsakanin ƙololuwar itatuwa. Yini ɗaya ya ishe shi, kuma ba ruwansa da rani ko damina sosai.

Idan kuwa aka matsa mini in faɗi nawa zaɓi, to ni ɗan gandu ne. Ruwa yana burge ido, amma wanda ya ga Kintampo ya ga rabin Boti. Safiya a Mole ba ta maimaita kanta. Sai dai mutanen Kumasi da Techiman suna da wata sa'a da ta sa ba dole ne su zaɓa ba, domin magangarar Kintampo tana bakin babbar hanyar Tamale ne, kilomita kaɗan arewa da garin, wato a kan hanyarku ta zuwa Mole take. A ƙarshen Disamba ko farkon Janairu ruwan bai gama ramewa ba, a arewa kuma ciyawa ta bushe, sanyin hunturu ya sa tafiya ba wuya, makarantu suna hutu. Ku tashi Kumasi bayan sallar asuba, ku yi hantsi a Kintampo, ku ba ruwa awa 2, ku sayi soyayyar doya a tasha, ku tsallake kogi a Buipe, ku karya yamma a Fufulso, ku isa kafin magariba. Washegari ku yi zagayen safe da na yamma, rana ta uku ku juyo.

Wannan hanya ma ba baƙuwarmu ba ce. Ƙasar Gwanja ita ce inda kakanninmu fatake suka yi ta zuwa da jakuna neman goro, kuma bayan 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta kuɓuce daga hannun Tonawa, kasuwar goro ta soma komawa Kintampo, zangonta ya cika da Hausawa. Malamin da ya san wannan yana da darasin da zai ba yara a cikin mota, maimakon a bar su da waya. A hanyar dawowa kuma a tsaya Larabanga, kilomita kaɗan daga ƙofar gandun, a ziyarci tsohon masallacin ƙasa mai farin fenti da itatuwa a jikinsa, wanda mutanen garin ke cewa an gina shi tun 1421. Samarin garin za su taho su yi muku rakiya, sai shugaban tafiya ya daidaita da mutum ɗaya a kan abin da za a ba shi tun kafin kowa ya sauka daga mota.

Masu rubuto mana a gaba, don Allah ku riƙa faɗin watan da kuke so ku fita, da yawanku, da shekarun babbanku da ƙaraminku, da kwana nawa za ku iya yi a waje. Sai mun sadu a wata mai kamawa, in Allah Ya kai mu.